Tambaya da Amsa: Wane Fenti Ya Dace da Ƙasan Babur ɗin Ruwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi babur ɗin ruwa na hannu, ƙirar Yamaha WaveRunner, ina hawansa a tafkin Jabi. Ƙasansa duk ya goge saboda jan sa a kan yashi, launin ma ya koɗe. Mai fentin mota ya ce in kawo ya fesa masa irin na mota, wani kuma ya ce sai dai jelkot, wato shafin nan mai ƙyalli da ake yi wa wajen jiragen ruwa na faiba. Wa zan bi? (Mai karatu daga Abuja)

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka sayi ko gwangwani ɗaya sai ka san abu biyu: da me aka yi jikin babur ɗin, kuma a ina yake kwana.

Buɗe kujerar ka shafa bangon ciki. Idan ka ji kaushi, kana ganin zaruruwan faiba, to faibar da aka shimfiɗa ce, kuma galibi jelkot ne a wajenta. Idan ciki sumul yake kamar waje, to wadda aka matse a inji ce, ana ce mata SMC, kuma yawancin WaveRunner irinta ne. Fenti kamfanin ya yi musu tun asali. Jelkot da sauran kayan foliyesta ba sa kama SMC da kyau, domin sinadarin da ke hana ta maƙalewa a injin matsa yana cakuɗe cikin jikinta gaba ɗaya. Ko ka kankare sama, yana nan a ƙasa. Saboda haka shawarar jelkot ba taka ba ce.

Mai fentin mota ya fi kusa da gaskiya, amma da sharaɗi. Fentin foliyuretan mai haɗi biyu, wanda masu sana'a ke kira 2K, shi ake so: yana da tauri, yana jure rana da fetur. Na jiragen ruwa irin su Awlgrip ya fi, na mota mai kyau ma yana yi. Lagonsa ɗaya: ba a yi shi don zama cikin ruwa ba. In babur ya kwana biyu zuwa uku a jere a tafki, ruwa na ratsa shi ya tayar da bororo. In kana ɗora shi a tirela bayan kowane hawa, ba ka da damuwa. Fentin mai na ƙofar gida, da na selulos, da na gwangwanin feshi kuwa, asarar kuɗi ce. Gudu cikin ruwa da gogar yashi za su ɓamɓare su.

Aikin kansa, rabinsa da ɗoriya shiri ne. Zuƙe fetur, cire batir, sannan a kifar da babur a kan tayoyi ko katako. Wanke da ruwan omo, sai a goge da sinadarin cire maiƙo da tsumma biyu, ɗaya na shafawa ɗaya na kwashewa kafin ya bushe. Wannan kafin samfefa ake yinsa. Wanda ya fara da samfefa ya tura folish da maiƙo cikin ƙarce, daga baya fenti ya riƙa buɗe ƙananan idanu. Ramuka da tsaga a buɗe su da samfefa mai lamba 80, a cike da ifoksi, wato wani nau'in gam mai ƙarfi, ko filar da aka rubuta cewa ta dace da SMC. Bodi-filar mota ta gama-gari tana shan ruwa, kada ka yarda a sa ta ƙasan layin ruwa. Daga nan a bi jikin duka da lamba 180 zuwa 220, a fesa firaimar ifoksi shafi biyu ko uku, ta bushe, a lallashe ta da lamba 320 zuwa 400.

Akwai gwajin da bai kamata a tsallake ba a kayan hannu, tunda ba ka san abin da mai shi na farko ya shafa ba. Jiƙa tsumma da tina ka ɗora a wani lungu na 'yan mintuna. In tsohon fentin ya yi laushi, sai an kankare shi kaf, domin 2K zai ci shi ya yamutse.

Fenti da hadina, wato sinadarin da ke sa shi tauri, a auna su da kofin awo yadda gwangwani ya ce, ko 2 da 1 ko 4 da 1. Ƙara hadina don ya yi saurin bushewa na sa shi tsagewa. Shafi uku marasa kauri, da tazarar minti 10 zuwa 15 tsakaninsu. Ƙasan babur mai tsawon mita 3 da 'yan kai zai ci kimanin lita ɗaya da rabi zuwa biyu. A rufe kwandon da ruwa ke shiga, da farantin ƙarfe na baya, da bakin famfo, da toshiyar magudana, kada fenti ya taɓa su. Ga masu Sea-Doo, wata ƙirar babur ɗin ruwa, farantin ƙarfen nan a yawancin masu injin 4-TEC shi ke sanyaya ruwan inji, fenti a kansa cutarwa ce.

Lokaci ma na da tasiri. Ƙurar hunturu na zama a kan ɗanyen fenti, laimar damina na dusashe ƙyallinsa, zafin azahar kuma na busar da feshi tun bai sauka ba. A yi da hantsi bayan raɓa ta ɗauke, a rumfa mai rufi, a yayyafa ruwa a ƙasa. Hadinar 2K na ɗauke da sinadarin aisosayanet mai lalata huhu; ƙyallen rufe hanci ba ya tare shi, mai feshi na buƙatar takunkumi mai kawo iska daga waje. Bayan an gama, ka haƙura kwana 7 kafin ya taɓa ruwa, ko da ya bushe a hannu.

Tambaya: Nawa Sea-Doo Spark ne, ina so in canza masa launi. Hanyar ɗaya ce? (Wata mai karatu daga Legas)

Amsa: A'a, Hajiya. Spark, tun fitowarsa a 2014, da Polytec ake yin jikinsa, wato robar folifurofilin da aka ƙarfafa da zaren gilashi. Fenti ba ya son kama wannan roba, ko da an sa sinadarin ƙara danƙo, inda yashi ke gogawa zai tashi. Saman a liƙa masa ledar ado ko a sauya fanel ɗin, tunda kwance su ake yi. Ƙasan a bar shi yadda yake. In kuma a ruwan gishirin Legas kike hawa, ki riƙa fito da shi kina ɗauraye shi da ruwan famfo bayan kowane hawa.