Sabuwar mota a kamfani: ana tayi ko abin da suka rubuta shi ake biya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Garwa ta Kamaru, albasa da gyaɗa nake kaiwa kudu. Duk motocin da na riƙe okaziyo ne, wato na hannu, yanzu ina son sabuwar Hilux daga kamfani. Na je an ba ni farashi, yaron da ke sayarwa ya ce in kuɗina ba su cika ba akwai kredi-bay, wato haya mai ƙarewa da mallaka, har yana tambaya nawa zan iya biya duk wata. Ni dai kunya ta hana ni tayawa ganin ofis ne mai sanyi da gilasai. Ana ragi kuwa a irin wurin nan? Kuma in biya a dunƙule ko in shiga kredi-bay ɗin?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sa albarka a nema. Ana ragi mana, sosai ma. Na yi shekaru ina sayo wa wani kamfani motoci kuma ban taɓa biyan abin da aka fara rubuta min ba. Bambancin kawai can ba za a ce maka "albarka" ka juya a kira ka ba kamar a kasuwar shanu, da takarda ake cinikin, kuma ragin ba ya yin yawa kamar na okaziyo dan ribar sabuwar mota ba ta da faɗi. Amma kunyar nan dan Allah ka bar ta a gida, miliyoyin guminka ne.

Abu na farko, waccan tambaya ta nawa za ka iya biya duk wata, kar ka amsa ta tukuna. Ba wai yaron mugu ba ne, aikinsa yake yi, amma da zarar ka ce sefa dubu 550 nake iyawa to ciniki ya tashi daga kan kuɗin mota ya koma kan aljihunka, sai a ja maka watanni har lissafi ya dace da abin da ka faɗa kai kana murna an sauƙaƙa maka alhali jimillar ta hau. Ka ce masa kawai mu gama maganar kuɗin mota, yadda zan biya wannan daga baya ne.

Kuma kuɗin motar da nake nufi shi ne na ƙarshe, mota a hannunka a Garwa da lamba da takardu. Ka ce a ba ka proforma, wato takardar farashi, mai tambari a rubuta komai layi-layi. Ka duba ko an sa HT ko TTC, dan a nan mutane da yawa ke faɗawa. HT farashi ne babu haraji, TTC kuma har da haraji, kuma TVA, wato harajin da ake ɗorawa kan farashin kaya, a Kamaru kashi 19.25 ne cikin ɗari. Ka ga kenan motar da aka ce maka miliyan 20 HT, in an ɗora TVA ta koma miliyan 23 da dubu 850. Kusan miliyan huɗu a cikin haruffa biyu. Ni kaina farkon shigata aikin an taɓa yi min haka a wani wuri, na je na sanar da maigida farashi ina ta fara'a, ranar biya aka kawo faktir, wato takardar biya, da wani adadi daban, har yau ina tuna yadda gabana ya faɗi. Bayan TVA ka tambayi kart giriz (takardar rajistar mota) da lamba waye zai biya, sannan kuɗin kawo mota. Motocin nan ta tashar jirgin ruwa ta Dwala suke shigowa, layin dogo kuma a Gaundare ya tsaya, daga nan sai titi har Garwa, to wannan ɗawainiya wani ne zai biya ta, in ba ka tambaya ba kai ne.

In ka karɓi proforma kar ka taya ranar. Ka gode ka fita. Toyota a Kamaru rukunin kamfanonin CFAO ne ke wakiltarta, a nan an fi saninsa da CAMI, dan haka ba za ka samu wakilai biyu na Toyota ka gwara kansu ba, sai dai ka nemo farashin kishiyoyin Hilux, irin su Mitsubishi L200 da Isuzu D-Max da Ford Ranger, ko da ta WhatsApp ne daga Dwala ko Yawunde a turo maka a rubuce. Ko zuciyarka na kan Hilux, kuma na san dalili, kayan gyaranta ko a ƙauye ana samu kuma ranar sayarwa ba ta faɗuwa, duk da haka ka riƙe takardun nan a hannu ranar da ka koma. Mai takarda biyu a hannu daban ake masa magana.

Ranar komawa ka taya ƙasa da abin da ka yanke a ranka, amma tayin mutunci, ba irin na raba biyu ba, in ka yi haka sai su ɗauka ba saye ka zo ba. Yaron zai ce ba shi da iko, kuma gaskiya ya faɗa, ɗan abin da aka yarje masa kaɗan ne. Sai ka ce cikin girmamawa a haɗa ka da shugaban sashen sayarwa. In ka faɗi tayinka ka yi shiru, kar ka ƙara da bakinka tun ba a ce komai ba, mu Hausawa muna da wannan halin na jin nauyin shiru sai mu yi ta cika wa kanmu kuɗi. Lokaci ma yana taimako, ƙarshen wata da ƙarshen shekara suna son cike adadin da aka ɗora musu, kuma motar da ta daɗe a ajiye ko launin da bai tafiya sun fi saurin sallamawa. Ka tambaya kai tsaye, akwai ta bara da ta rage?

In kuɗi ya tsaya sun ce ba ƙari, to ka koma neman gyara. A nan suka fi sakin hannu dan abin da zai ci maka dubu ɗari biyu su ba haka ya tsaya musu ba: juyen mai na farko da na biyu kyauta, shimfiɗar bodi, ƙarfen gaba, tanti, kart giriz, cika tanki. Kai da za ka riƙa loda buhuna kana hawa da gangara falez, wato hawan dutsen Gaundare, shimfiɗar bodi da tayoyi masu ƙwari sun fi maka rediyo mai allo amfani. Duk abin da aka yi alkawari a sa shi cikin takardar oda kafin ka ba da ko dala ta kafin alƙalami, har da ranar da za a miƙa mota da abin da zai faru da kuɗinka in ranar ta wuce. In kuma akwai dillalin da ya raka ka, ka san la'adarsa daga ina za ta fito, dan in kamfani ne zai ba shi to daga cikin raginka aka yanka.

Tsohuwar motarka kar ka haɗa ta cikin cinikin nan, ka sayar da ita daban.

Sai maganar kredi-bay. Ma'anarsa kamfanin ba da lamuni ko banki ne ke sayen motar, ta zama tasu, kai kana haya kana biya duk wata, a ƙarshe ka biya ɗan ragowar da aka yanke tun farko sannan ta zama taka. Kafin wannan rana ba taka ba ce, ba ka da ikon sayarwa, in biya ya tsaya kuma suna iya ɗaukar abarsu. Ga misali da alƙaluman da na ƙirƙira dan ka ga yadda lissafin yake: mota miliyan 24, ka ba da miliyan 4 da dubu 800 a gaba, ragowar ƙarshe dubu 500. In wata 36 ne a dubu 650, jimilla miliyan 28 da dubu 700. In aka ce an tausaya maka an mayar dubu 530 amma wata 48, jimilla ta zama miliyan 30 da dubu 740. Sauƙin wata ya ci maka sama da miliyan biyu. Shi ya sa na ce a fara ƙulle kuɗin mota, sannan ka ɗauki proforma ɗin ka kai wuri biyu ko uku, bankinka da kamfanonin lamuni irin su Alios Finance, kowa ya rubuta maka jimilla da TEG, wato ainihin kason da kuɗin zai ci a shekara in an haɗa ruwa da kuɗin dosiye, wato na buɗe fayil, da sauran caji. Ka tambayi asirans ma, wato inshora, dan galibi sai sun ce ka yi mai rufe komai ba ƙaramar ta dole ba, kuma a kan sabuwar mota kuɗi ne masu nauyi duk shekara. Ka tambayi tarar jinkiri da kuma tarar biya da wuri.

Abin da ya fi damuna da kai shi ne sana'arka ta lokaci ce. Albasa tana da watannin da kuɗi ke shigowa da watannin da ba komai sai kashewa, shi kuwa biyan wata bai san damina ba. In za ka shiga, ka nemi a tsara maka biya duk wata uku ko yadda ya dace da kakarka, a rubuce. In kuma kana da kuɗin a dunƙule ba tare da ka taɓa jarin saye ba, ni dai biya zan ce ka yi, ta banki ba a jaka ba, ka karɓi faktir. Amma in sayen zai cinye jarin albasa to ka dakata, mota ba kaya a bayanta asara ce.

Game da riba ta kuɗin ruwa kuma, na san tana ranka ko ba ka faɗa ba. Afriland First Bank na da sashen hada-hadar Musulunci, ka je ka ji tsarin murabaha (banki ya saya ya sayar maka da ƙarin da aka yanke) da ijara (haya), ka karɓi kwafin yarjejeniyar ka kai wa malamin da ka yarda da iliminsa ya karanta kafin sa hannu, wannan ba fagena ba ne da zan yanke hukunci.

Ranar karɓa ka je da rana ka tafi da makanikenka, ku gwada lambar shasi da ta kan takardu, ku duba kilomita da taya ta safaya da jak da makulli biyu, ka karɓi littafin garanti da tambari a kai, ka tambaya shekara nawa ko kilomita nawa ne kuma ko gyara a garejin waje yana karya shi. In ka haɗa proforma ɗin ka turo min su in duba maka kafin ka koma.