Hukuncin zaɓen ɗan takarar da yake son a tsaurara dokar bindiga a Amurka

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni mazaunin Amurka ne kuma na samu takardar zama ɗan ƙasa ina kaɗa ƙuri'a. A jiharmu akwai ɗan takarar sanata da yake kamfe akan a tsaurara dokar bindiga, a dinga bincikar tarihin mutum kafin a sayar masa, a kuma hana sayar da bindigogin nan masu kama da na soja. To wani ɗan uwa a masallacinmu yace zaɓensa haramun ne, wai taimakawa ne wajen raba musulmi da makami alhali Allah yace mu yi tanadin ƙarfi, ga kuma masu ƙin musulmi suna kai hari masallatai. Gaskiya maganar ta tsaya min a rai. Menene hukunci Malam?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Amin, Allah yayi maka albarka ɗan uwa.

Zaɓen wannan mutum ba haramun bane, kuma shi abokin naka yayi gaggawa, kalmar haram ba abar da ake jefawa bace haka kawai don mutum yaji zafin abu a ransa. Maganar shiga zaɓe a ƙasar da ba ta musulmi ba kuwa malamai da yawa na wannan zamani sun halatta idan akwai maslaha, ba sai mun tsaya akanta ba.

Mu fara bashi gaskiyarsa. Mallakar makami asalinsa halal ne, kare kai kuma haƙƙi ne. A Sahihu Muslim wani mutum ya tambayi Annabi (SAW) idan wani yazo zai ƙwace min dukiya fa? yace kada ka bashi, yace in ya yaƙe ni fa? yace ka yaƙe shi, yace in ya kashe ni? yace kayi shahada, yace in ni na kashe shi? yace yana wuta. Wannan babu jayayya. Amma halal daban wajibi daban, kuma abin da yake halal shugaba yana da ikon sa masa iyaka idan cutarwa ta bayyana, shine malaman fiƙihu suke cewa tasarrufin shugaba akan jama'a yana rataye ne da maslaha. Mu Malikiyya ma ai mun fi kowa riƙo da saddu zari'a, wato toshe ƙofar ɓarna tun kafin ta shigo.

Kuma wanda ya fara sa ƙa'ida akan makami a cikin wannan al'umma ai Manzon Allah ne da kansa. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Musa cewa duk wanda zai ratsa masallaci ko kasuwa da kibiyoyi to ya damƙe tsininsu da hannunsa kada ya ji wa wani musulmi rauni. Kibiya fa ake magana, wadda sai ka ɗana ka ja kafin ta tashi, ina ga abin da ɗan yatsa ɗaya zai taɓa mutum goma su faɗi. Ya hana nuna ɗan uwa da makami ko da wasa, yace baka sani ba ko shaiɗan ya fizgi hannunka ka afka ramin wuta. A Muslim daga Jabir, baya halatta ga ɗayanku ya ɗauki makami a Makka. Sannan ga ƙissar Abdullahi ɗan Umar a Bukhari, tsinin mashi ya soke shi a tafin ƙafa a Mina, Hajjaju gwamnan lokacin yazo dubiya yana cewa da mun san wanda yayi maka haka, sai Ibn Umar yace kai ne, tunda ka bari an ɗauki makami a ranar da ba'a ɗauka ka kuma shigar da shi Harami. Duba da kyau, bai nemi mai mashin ba, gwamnan ya kama da laifi. Wannan ƙissa ita ce kusan amsar tambayarka gaba ɗaya, sakacin shugaba akan yawon makami abin tuhuma ne a wajen sahabi. Bukhari ma ya ƙulla babi akan sayar da makami lokacin fitina ya kawo cewa Imrana ɗan Husaini ya ƙi hakan.

Ayar da abokin naka ya kafa hujja da ita kuwa, ta 60 a suratul Anfal, tana magana ne da al'umma a ƙarƙashin shugabanta akan tanadin yaƙi, ba cewa tayi kowane mutum ya aje bindiga a ƙarƙashin filo ba, kuma kai da ka karɓi takardar ƙasa ka shiga alƙawari da dokokinta, musulmi kuwa yana kan sharaɗinsa.

Yanzu sai mu dubi halin da ƙasar take ciki tunda fatawa bata sauka a sarari. Gyara na biyu na kundin tsarin mulkinsu tun 1791 ya basu damar riƙe makami, kotun ƙoli kuma a 2008 tace haƙƙi ne na kowane mutum amma ita kanta tace ba haƙƙi ne mara iyaka ba, kenan sanata ɗaya bashi da ikon bin gida gida yana ƙwace bindiga ko da yana so, abin da ake ja akai shine wa za'a sayar wa kuma wace iri. A 2021 mutum sama da dubu 48 suka mutu ta hanyar bindiga a Amurka, fiye da rabinsu kansu suka kashe, wannan adadin ya kamata ya tsayar da duk mai imani don bindigar da aka saya saboda ɓarawo sau da yawa mai gidan take ci ranar da baƙin ciki ya rufe shi. A Disambar 2012 an kashe yara 20 da manya 6 a makarantar firamare ta Sandy Hook, bayan wata huɗu aka kawo ƙudirin faɗaɗa binciken mai saye a majalisar dattawa ya samu ƙuri'a 54 ya faɗi saboda 60 ake buƙata. A Mayun 2022 a Uvalde ta jihar Texas yara 19 da malamai 2, wanda yayi kisan kuma yana cika shekara 18 ya shiga shago ya saya bisa doka. Sai bayan nan aka samu dokar da Biden shugaban ƙasar na lokacin ya sa wa hannu a Yunin shekarar wadda ta ƙara bincike akan masu saye 'yan ƙasa da shekara 21.

Batun harin masallatai kuma wallahi hujja ce akansa ba tashi ba. Wanda ya kashe bayin Allah 51 a masallatai biyu a garin Christchurch na New Zealand ranar Juma'a 15 ga Maris 2019 yana da lasisi, kuma firaministar New Zealand ta lokacin Jacinda Ardern bata cika wata ɗaya ba ta kai dokar hana bindigogi masu kama da na soja majalisa ta wuce da ƙuri'a 119, mutum ɗaya tak ya ƙi. Dokar da ta sassauta maka ita ce ta sassauta wa maƙiyinka, shi kuma ya fika shiri tunda shi ya zaɓi rana da lokaci.

Saboda haka abin da nake gani, matsayin ɗan siyasa akan bindiga mas'ala ce ta siyasar shari'a da auna maslaha, ba ta aƙida ba, wanda ya zaɓi mai tsaurarawa bai yi laifi ba, wanda ya zaɓi ɗayan saboda yana zaune a ƙauye nesa da 'yan sanda yana ganin kariyarsa kenan shima ba za'a fasiƙantar da shi ba. Ni dai a halin Amurka na yau na fi karkata ga tsaurarawa, musamman binciken mai saye, don ban ga ta inda musulmi zai yarda a miƙa bindiga ga wanda aka sani da dukan matarsa ko barazanar kisa ba, Allah yace kada ku taimaki juna akan zunubi da ta'addanci. Amma kada ka tsaya akan maganar kamfe, baki shi ke yanka wuya kuma shi ke yaudara, in ya taɓa riƙe kujera ka duba yadda ya kaɗa ƙuri'a a baya da waɗanda suke zuba masa kuɗi, ka kuma haɗa da sauran matsayinsa akan addininka da iyalinka, ba bindiga kaɗai za'a tambaye ka ba.

In kuma jiharku ta baka dama kana son ka mallaka don tsaron gida to ka bi ta lasisi, ka koyi sarrafa ta, ka kulle ta a akwati harsashi a wani waje daban inda yara basa kaiwa. Tsaron masallaci kuma kwamiti ya zauna da hukuma a ɗauki masu gadi da aka horar, kada kowa ya shigo sahu da tasa a ƙugu.

Wallahu a'alam.