Kwana a mota a Dutsen Fuji: murhu ko jakar barci?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Japan. Ni da abokina muna son hawan Dutsen Fuji a watan Agusta. Don rage kuɗin masauki, mun shirya tuƙa mota har zango na biyar (tashar da titin mota ya ƙare, ake fara hawa da ƙafa), mu kwana a filin ajiye motoci, da asuba mu kama hanya. Kuɗinmu ba yawa. Mu sayi ƙaramin murhun gas don ɗumama motar, ko jakar barci? Ɗalibi daga Nagoya.

Amsa: Ɗan'uwa, murhun nan ku cire shi daga ranku. Wuta a cikin rufaffiyar mota tana fitar da iskar guba da ba ta da wari ba ta da launi, irin wadda ke kashe iyali guda idan aka kwana da janareta ko kaskon gawayi a ɗaki. Mutum zai ji kansa ya yi nauyi, barci ya ɗauke shi, shi ke nan. Haka ma barin injin mota a kunne har gari ya waye. Don Allah ku kashe shi, ku sauke gilashi kamar faɗin yatsa biyu, in ba haka ba tururin numfashinku zai jiƙa tagogin, ku tashi kaya duk laima.

Sai dai akwai gyara a shirinku. A watan Agusta ba a barin motocin gida masu shan fetur su haura hanyar Fuji Subaru Line, titin da ke kai wa zango na biyar. A babban filin da ke ƙasa, wajen Fujiyoshida, ake ajiye mota, bas ya kai mutane zango na biyar, mai tsayin kusan mita 2,300. Kenan a ƙasa za ku kwana, kuma ku karanta allon dokokin filin tun da rana. Can sanyin bai kai ya kawo ba, jakar barci mara kauri ta isa. Ku haɗa da 'yar katifar soso, domin ƙarfen kujerar da aka kwantar yana cin haƙarƙari cikin dare.

Abin da ya rage na kuɗin ku zuba shi a kan rigar sanyi, rigar ruwa da fitilar goshi. Ƙololuwar dutsen tana mita 3,776, kuma kowane mita dubu da aka hau zafi na raguwa da kusan digiri shida. Da asuba a can sama yatsu ma ƙagewa suke.

A 2025 kuɗin shiga hanyar Yoshida, wato hanyar ƙafa da za ku bi daga zango na biyar, yen 4,000 ne ga mutum ɗaya, ana kuma rufe ƙofa daga ƙarfe biyu na rana zuwa uku na dare ga wanda bai kama ɗaki a kan dutsen ba. Ku duba na bana kafin ku tashi. In kun isa zango na biyar ku zauna kamar awa guda jiki ya saba da ƙarancin iska. Ku riƙe silallan yen ɗari-ɗari saboda banɗakunan kan dutsen na kuɗi ne, ku kuma ɗauki ruwan alwala daga ƙasa.