Sarƙar da Kaka ta bari: murjani ce ko tsakiya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Da aka raba gadon kakarmu, wata tsohuwar sarƙar wuya ta faɗo a rabona. Duwatsun jajaye ne dogaye, da wani mai kusurwa uku a tsakaninsu. Goggona ta ce murjani ne, wai yana maganin kambun baka. Wani mai sayen gwal kuma ya ce kwalba ce kawai, in sallama masa a kan kuɗi kaɗan. Wa zan gaskata?
Daga wata 'yar'uwa a Damagaram

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan Kaka, ya sa ta huta. Kafin komai, kada ki sayar.

Yadda kika kwatanta, na fi zaton tsakiya ce, wato dutsen aƙiƙ. Mai kusurwa ukun nan kuwa shi ne talhatana, wanda matan Buzaye ma suke ratayawa. Ki ɗaga ƙwaya ɗaya ki duba ta a rana. In aƙiƙ ne, haske zai ɗan ratsa ta, ki ga jirwaye a ciki, allura ba ta karce ta, in kin ɗora a kumatu kuma za ki ji sanyi. Kwalba takan nuna 'yan kumfa a ciki, da siririn layi a gefe inda aka zuba ta a mazubi. Murjani haske ba ya ratsa shi, kuma yana karcewa da sauƙi, domin asalinsa ba dutse ba ne, ƙashin wata halitta ce ta teku. Jan mai kyau daga Bahar Rum ake ciro shi, kuma garin Torre del Greco da ke kusa da Naples a Italiya ya shahara da sarrafa shi.

Tsakiya ta sha tafiya kafin ta iso wuyan iyayenmu. Tun zamani mai nisa masu sana'a a Khambhat, a jihar Gujarat ta Indiya, suke shanya dutsen a rana, su gasa shi cikin tukwanen ƙasa har ya yi ja, sannan su fere shi su huda. Fatake da alhazai suka riƙa shigo da shi. A ƙarni na 19 Jamusawan garin Idar-Oberstein suka shiga cinikin da dutsen da suke sayowa daga Brazil, talhatana da yawa aikinsu ce. Daga baya masana'antun Bohemia, wani yanki na ƙasar Czech ta yau, suka kwaikwaye ta da kwalba. Saboda haka mai gwal zai iya yin daidai a kan wasu ƙwayoyin, don tsofaffin sarƙoƙi sukan zo a gauraye. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ya kushe kaya kuma ya nemi saye.

Maganar Goggo kuwa tsohuwa ce, har Italiyawa sun daɗe suna rataya wa jarirai murjani saboda tsoron mugun ido. Alƙur'ani ya ambaci murjani sau biyu a Suratur Rahman, aya ta 22 da ta 58, cikin ni'imomi da siffanta kyau. Ni dai ba na ɗora wa dutse tsaro, wannan aikin addu'a ne. Ki sa abarki don ado da tunawa da Kaka.

Ki sake mata zare mai ƙarfi, tsohon yana iya tsinkewa a gidan biki. In akwai murjani a ciki, ki nisanta shi da humra, turare da ruwan lemun tsami, suna cinye sheƙinsa. Ki goge da tsumma mai laushi, ki ajiye ta daban da gwal ɗinki, don aƙiƙ yana karce zinariya.