Rabo ne ko tsari ne ke hana talaka tashi?

Malam, ka tambaya ko talaucinmu na Sakkwato rabo ne kawai daga Allah. Arziki na Allah ne, babu ja. Amma je ka fadamar Goronyo ka ga manomin albasa. Tun kafin ya dasa, ya ci bashin taki da man injin ban ruwa wurin Alhajin da zai saye amfanin. Ranar cira kasuwa ta cika, farashi ya faɗi warwas, shi kuma ba shi da halin ajiya, ga mai bashi tsaye a bakin gona. Alhaji ya kwashe, ya adana, bayan 'yan watanni ya loda tirela zuwa Legas ya ninka kuɗinsa. Wanda ke da jari shi ke yanka farashi, kuma shi ɗan siyasa ke ɗaga wa waya.

Abin ba na yau ba ne. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki sarakunan Haɓe kan jangali da ƙwace dukiyar talakawa. A 1980, manoman Bakalori da suka nemi diyyar gonakinsu da aikin madatsar ruwa ya cinye, harsashin 'yan sanda suka samu. Ƙididdigar NBS, wato hukumar ƙididdiga ta ƙasa, ta 2022 kuwa ta sa kashi 91 cikin ɗari na mutanen jiharmu cikin talauci, mafi yawa a Najeriya.