An zalunci motocin dizal a tseren Le Mans? Kuma ya dace a haɗa gas da fetur?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni direba ne, kuma ina bin tseren motoci na awa 24 da ake yi a Le Mans ta ƙasar Faransa. Na ga shekara da shekaru motocin dizal ne ke lashe gasar, sai masu shirya ta suka yi ta rage musu tanki har suka ɓace. Muna ta musu a tasha, wasu na cewa zalunci ne. Abin da ya dame ni shi ne, bakanikena ya ce wannan hujja ce cewa man gas, wato dizal, ya fi fetur ƙarfi, don haka in riƙa zuba lita biyu ko uku a tankin motata mai fetur idan zan yi doguwar tafiya da lodi. Na yi sau biyu, yanzu motar tana tari tana hayaƙi. An zalunci dizal ɗin? Kuma na kashe injina ke nan? Daga wani mai karatu a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Kafin mu je Faransa, don Allah kada ka sake zuba ko ɗigo. Zan dawo kan motarka, amma bari mu warware musun tashar tukuna, domin kuskure ɗaya ne ya haifi duka biyun.

A shekarun farko, in ma akwai wanda doka ta danne, to masu fetur ne. Lokacin da Audi ta kawo R10 a 2006, mai injin dizal lita 5.5 da silinda 12 da turbo biyu, dokar ƙungiyar ACO mai shirya gasar ta ba kowa tanki iri ɗaya, lita 90. A ido adalci ne. Amma lita ɗaya ta dizal ta fi lita ɗaya ta fetur nauyi, kuma makamashin da ke cikinta ya ɗara na fetur da kashi 10 cikin ɗari ko fiye. Ga shi injin dizal yana matse iska sosai, don haka yana tatsar aiki mai yawa daga abin da ya sha. Ɗauki misali da zagaye 380 da Audi ta yi a waccan shekarar. Motar da ke shan mai bayan kowane zagaye 13 za ta tsaya kusan sau 29, wadda ke kai zagaye 15 kuwa sau 25. Tsayuwa huɗu ta tafi a banza tun kafin a yi maganar gudu. Motar ƙungiyar Pescarolo mai fetur, wadda ta zo ta biyu, zagaye huɗu aka ba ta.

Shi ya sa a 2007 aka mayar da tankin dizal lita 81, na fetur yana nan a 90. Kashi 10 ke nan cif, wato an daidaita makamashin da ke cikin tanki ne kawai. Bai isa ba. Peugeot ta shigo da 908 a shekarar, ita ma dizal mai silinda 12, gasar ta koma ta su biyu. Aka ƙuntata zoben da ke taƙaita iskar da injin dizal ke shaƙa, aka rage matsin turbo, aka ƙara musu nauyi. Duk da haka Peugeot ta ci a 2009, Aston Martin mai fetur ta ƙare ta huɗu, sannan a 2010 Audi ta yi zagaye 397, sama da kilomita 5,400, ta karya tarihin da Porsche ta kafa tun 1971. A 2011 aka yanke girman injin dizal zuwa lita 3.7, tanki lita 65, na fetur 75. Shekara tara a jere, daga 2006 zuwa 2014, dizal ne ke ɗaukar kofi. Wanda aka zalunta ba ya haka.

Akwai abin da 'yan musu ke mantawa, kuma a ganina shi ne rabin labarin: kuɗi. Masu dizal manyan kamfanoni ne da injiniyoyi ɗaruruwa. Masu fetur galibi ƙananan ƙungiyoyi ne masu sayen inji a kasuwa, irin ta Henri Pescarolo, mutumin da ya ci gasar sau huɗu yana direba kuma ya sha kokawa a fili kan waɗannan dokoki. To yaya mai doka zai gane nawa ne daga cikin tazarar aikin mai, nawa ne aikin aljihu? Da Toyota ta shigo a 2012 da injin fetur haɗe da lantarki da kuɗin kamfani a bayanta, ta ci tsere uku a gasar duniya ta shekarar, a Brazil da Japan da Sin.

Sai a 2014 aka kama bakin zaren. Aka daina dogaro da zoben iska, aka ce ga adadin makamashin da kowace mota za ta ƙona a zagaye ɗaya, aka sa mita mai auna gudun mai zuwa inji. Aka kuma kasa taimakon da lantarki zai ba mota a zagaye ɗaya aji huɗu, da ma'aunin makamashi da ake kira megajul: 2, 4, 6 da 8. A nan ne masu kukan dizal ke da 'yar hujja. Injinsa nauyi gare shi, mota kuma ana son ta tsaya kusa da kilo 870 da doka ta yanke, saboda haka wurin da ya rage wa kayan lantarki kaɗan ne. Audi ta fara da ajin megajul 2 alhali Toyota da Porsche na kan 6. A 2015 Porsche ta hau 8 da ƙaramin injin fetur lita 2, ta ci shekara uku a jere. Audi ta fice a ƙarshen 2016, bayan badaƙalar hayaƙin dizal da ta faɗa wa uwar kamfaninta Volkswagen a 2015, kuma ta ci tserenta na ƙarshe a Bahrain. Ba korar ta aka yi ba.

Yanzu ga abin da ke ci mini rai. Wannan magana ta "gas ya fi fetur ƙarfi", kusan kullum sai na ji ta, a gareji, a tasha, har daga bakin mutanen da suka yi shekara ashirin suna riƙe da sifana. Malam, ƙarfin ba a cikin jarka yake ba. Lita ta dizal ta fi yawan makamashi ne saboda ta fi nauyi. In ka auna kilo da kilo, fetur ma ya ɗan ɗara. Abin da ya ci Le Mans inji ne da aka ƙera tun daga tushe don wannan man: yana matse iska har ta yi zafin da mai zai kama da kansa, famfonsa na tura mai da matsin da ya haura 1,600 a ma'aunin matsi na bar, nozul na fesa shi kamar hazo. Injinka ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Shi fulogi yake jira, kuma yana son man da ke tashi tururi da sauri, wanda ba zai kama wuta ba sai an kunna masa. Dizal akasin haka aka yi shi: ba ya son tashi, kuma yana saurin kamawa da matsi. Ka zuba shi a tankin fetur, wani ɓangare ya ƙi ƙonewa ya jiƙe fulogi, ya gangara ta gefen fistin ya tsinka baƙin mai, wani ya kama kafin lokaci ya riƙa ƙwanƙwasar kan fistin. Ragowar ya bi salansa ya toshe abin tace hayaƙin nan da makanikai ke kira indomi. Tarin da kake ji da hayaƙin da kake gani, shi ke nan. Kuma a lokacin da ka ɗora lodi kana hawan tudu, lokacin da aka ce maka zai taimaka, a nan ne ƙwanƙwasar ta fi yin ɓarna.

Juyinsa ya fi muni, kuma shi ma ana yi. Wai a zuba ɗan fetur ko kalanzir a tankin dizal don mota ta "yi sauƙi" ko ta wanke nozul. Famfon dizal na zamani da man da yake turawa yake samun santsi. Fetur ba shi da wannan santsin, wanke shi yake yi. An taɓa kawo mini wata motar ɗaukar kaya da aka yi wa wannan haɗin. Da muka kwance matatar mai muka zazzage ta a farin faranti, ƙasan man yana ƙyalli kamar an barbaɗa garin kwalli. Ƙarfen cikin famfo ne ya ci kansa, garin kuma ya bi bututu ya shiga nozul huɗu duka. Mai motar ya tsaya yana kallon farantin bai ce uffan ba, don ya san abin da za a saya ya fi abin da motar ke kawo masa a wata da watanni. Wanda ya ba shi shawarar kuwa ya riga ya karɓi kuɗin aikinsa ya wuce. Ban da asarar dukiya akwai ta rai. Dizal zalla ba ya fitar da tururin da zai kama wuta sai ya haura digiri 50, shi ya sa mutane ke sakewa da shi. Ɗan fetur kaɗan ya isa ya mayar da iskar da ke saman tanki ko duro abin fashewa, mai walda ko mai sigari kuma bai san an haɗa ba.

Ɗan'uwan wannan kuskuren shi ne buɗe famfo. Direban tirela ya ce mota ba ta ja, sai a murɗa mata mai har ta riƙa turnuƙe hanya, a ce yanzu ta samu ƙarfi. Baƙin hayaƙi man da ka saya ne yake fita bai ƙone ba, yana ƙara zafin da ke cin turbo da kan fistin, na bayanka kuma yana shaƙa. Tunda Le Mans aka kafa hujja da ita, a je a kalli motocin. R10 mai ƙarfin doki kusan 650 tana ɗauke da matatar hayaƙi, tana wucewa ba baƙi, kuma ta yi suna da rashin ƙara. Peugeot har a cikin sunan motarta ta sa haruffan FAP, wato matatar ƙurar hayaƙi da Faransanci. Injiniyoyin da ake auna musu mai da mita ba za su yarda ɗigo ya fita ta salansa ba tare da ya yi aiki ba. Ina jin takaici ƙwarai idan na ga an ɗauki aikin da mutane suka yi na tsantseni a kan kowace lita, an mayar da shi hujjar zuba mai da ka. Bakanike amana aka ba shi. In bai san abu ba, ya ce bai sani ba, babu abin kunya a ciki. Motar nan da ita mutum ke ciyar da iyalinsa, kuma rayuka yake ɗauka a ciki.

Game da motarka, sau biyu da lita biyu ko uku a cikakken tanki, galibi ba ya kashe inji, matuƙar ba ka daɗe kana tafiya tana ƙwanƙwasa ba. Ka tsiyaye abin da ya rage a tankin gaba ɗaya, a fili mai iska, nesa da wuta da janareta. A canza matatar mai, a ciro fulogai a duba, in sun yi baƙi sun jiƙe a sa sababbi. Ka juye baƙin mai da matatarsa ko da lokacinsa bai yi ba, don wataƙila gas ya gangara ciki. Sannan ka sha fetur mai kyau ka yi tafiya ba lodi. In hayaƙin ya ɗauke, ka tsira. In har yanzu tana ƙwanƙwasa idan ka taka totur a tudu, ko ta rasa ƙarfi, ko wutar gargaɗin inji ta ƙi mutuwa, a auna matsin kowace silinda a kuma duba indomin kafin ka sake ɗaukar fasinja. Allah Ya tsare hanya.