Amsa ga ɗan'uwan da tafiya ta gajiyar

Ɗan'uwa, ka ce wata takwas kana zirga-zirga tsakanin Jidda, Makka, Madina da Riyad kana rakiyar masu Umara da sayen kaya, har barci ya ƙaurace maka. Sannu. Na taɓa shiga irin wannan halin. Ba ragwanci ba ne, Manzon Allah (SAW) da kansa ya ce tafiya yanki ce ta azaba.

Abin da ya fi taimakona shi ne kama ɗaki ɗaya a unguwar Misfala da ke Makka, inda nake ajiye jakata, in ci tuwo da miyar kuka wajen 'yan'uwa Hausawa, in kwana biyu ban je ko'ina ba. Jiki yana son gadon da ya sani. Shinkafar kabsa kullum ma tana gundurar mutum.

Tsakanin Makka da Madina, kusan kilomita 450, ka hau jirgin ƙasa na Haramain, wajen awa biyu da rabi, ka bar motar dare. Ka yi kasaru, rangwame ne Allah ya yi maka. Lokacin zafi kuwa ka hau Ɗa'if ka sha iska.

Yau da dare ka kira Hajiya a gida, ku daɗe kuna hira.